Rigar samarin Azagor: shawara ɗaukar ɗaki ce

 

Na san wasu daga cikinku, da sun ga kan maganar yau, za su ce: ashe matsalolin ƙasa sun ƙare ke nan, har ɗan jarida ya samu sukunin cika shafi guda da zancen rigar wasa? Ku yi mini haƙuri, ku bi ni har ƙarshe. Rigunan da zan ba ku labarinsu guda 14 ne kacal, amma hanyar da aka bi aka fitar da su ta koya mini abin da ban koya ba a tarurruka da dama da na halarta a manyan otal-otal na Yamai, inda ake raba mana takardu da ruwan sanyi domin mu ba da shawara a kan aikin da tuni aka gama shirya shi.

Ga wanda bai san Azagor ba, ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Dakwaro, jahar Maraɗi, ɗaya daga cikin waɗanda dokar shekarar 2002 ta kafa, aka yi zaɓensu na farko a 2004. Tana yankin kwarin Tarka, inda gonakin hatsi ke ƙarewa, makiyaya ke farawa. Abzinawa da Fulani da Hausawa suna haɗuwa a bakin rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya. A can ne aka tura wani ƙanena, ɗan ƙanen mahaifina, aikin koyarwa a lakwal. Zan kira shi Mushe, kamar yadda gari duka ke kiransa.

Da isarsa ya tarar da samari, in rana ta yi sanyi, suna fita bayan gari da sanduna masu lanƙwasa a baki, sun rabu gida biyu, suna bin ƙodagon goriba cikin rairayi, kowane ɓangare na ƙoƙarin kai shi iyakar ɗayan. Wasan ya girme su, ya girmi iyayensu. Ita kanta kalmar ƙwallo da muke kiran balo da ita, ai daga ƙwallon ɗan itace ta fito, irin na goriba. Mushe ya tsara musu ƙa'idoji kaɗan, ya kafa musu itatuwa biyu a kowane gefe, ya sa lokaci. Ba a jima ba samarin wani ƙauye na kusa suka aiko da goron gayyata: a kara cikin ɗari, in makiyaya sun sauko.

Nan ne maganar riga ta taso. Kowane yaro da abin da ya tsinta a tulin bosho yake shiga fili: wannan Barcelona, wancan Chelsea, wani Real Madrid, a bayansu sunayen mutanen da ba su taɓa jin Dakwaro ba. In ƙura ta tashi sai ka ga yaro ya miƙa wa abokin gaba ƙodago, domin rigarsu iri ɗaya ce. Sai suka yi karo-karo. Wani ya sayar da zakara, wani ya yi sati biyu yana jan ruwa da jaki, wani uwarsa ta ba shi daga kuɗin cuku. Wani ɗan kasuwa mai cin kasuwar Sakabal ya ce zai cika abin da ya rage, in za a sa sunan shagonsa. Ku riƙe wannan: kuɗin da aka tara ba su da na biyu. In tela ya yanka ba daidai ba, an gama.

Zanen farko

Aka ɗora wa Mushe aikin zane, tun da shi ne mai ilimin boko da babbar waya. Ya san cewa Turawa na da wasa irin wannan, wanda suke kira hoki, mu kuma ƙwallon gora. Ya rubuta sunan cikin wayarsa yana neman samfuri, sai ta zubo masa rigunan ƴan Kanada. Abin da bai lura ba shi ne, hoki iri biyu ne. Akwai na fili, wanda ake yi da ƙafa a ƙasa, mutum 11 kowane gefe, shi ne ɗan uwan na Azagor. Akwai kuma na ƙanƙara, wanda aka fara bugawa a tsare cikin ɗaki a birnin Monreyal ranar 3 ga Maris 1875, mutum 6 kowane gefe a yau, da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, suna bin wani ɗan faifan roba mai tauri. Rigar wannan wasan asalinta rigar sanyi ce ta ulu, kuma ana yin ta ƙatuwa, mai dogon hannu, domin a ƙarƙashinta akwai sulken kafaɗa da na gwiwar hannu. Kowane ɗinki nata amsa ce ga sanyi da karo. Mushe ya kwaso amsar ya kawo ta inda ba a yi tambayar ba.

Ga abin da ya zana: riga mai dogon hannu, baƙin shuni irin na turkuɗi, a ƙugu da hannuwa ratsi uku, ruwan goro da fari da tsanwa, launin tutar ƙasa, a ƙirji raƙumi da kan sa da zangarniyar hatsi da takobi, a sama sunan gari da haruffa masu ƙawa irin na takardar shaidar makaranta. Ya turo mini hoton da dare, ya rubuta: «Yaya, duba mini wannan, ka gaya mini gaskiya.» Na duba a waya, ina kwance ƙarƙashin fanka, na ga abu ya yi kyau, na amsa masa: «Ƙane, ka gama aiki, a kai wa tela.» Na faɗi wannan ne domin a san cewa mai ba da muguwar shawara ta farko ni ne. Ban tambayi wa zai sa ba, ban tambayi nawa za ta ci ba, ban tambayi wa zai wanke ba. Yabo na ba shi domin ya fi sauƙi, shi kuwa yabo ba ya cin komi ga mai bayarwa.

Telan da ya ƙi yanka

Allah ya taimaki yaran da wani tsohon tela a Dakwaro. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ajiye almakashi, ya ce: «Mushe, in ka ce in yanka zan yanka, kuɗi nake nema. Amma ɗana, bari in gaya maka abin da takarda ba ta gaya maka ba.» Ya lissafa masa: dogon hannu na cin yadi fiye da abin da suka tara, kowane ratsi ɗinki ne na dabam, tambarin ƙirji sai an kai Maraɗi, kimanin kilomita 120, wajen masu buga zane a riga, su kuwa kowane launi da nasa allon bugawa da nasa kuɗi, ga shi tambarin Mushe na da launi biyar. Ya ƙara da cewa ƙafafun raƙumin nan sirara, a wanki na uku za su ɓare, a bar raƙumi yana shawagi. Sannan ya yanko masa ƙyalle huɗu daga yadi iri huɗu, kowane kamar tafin hannu, ya ce: «Je ka da su gida. Ka ba masu wanki, ka ba rana, ka ba ƙarangiya. Wanda ya dawo da mutuncinsa, shi za mu saya.»

Mushe ya gaya mini cewa a hanyar komawa ransa a ɓace yake. Dare uku ya yi a kan zanen, ga wanda bai yi aji ɗaya a lakwal ba ya warware shi cikin minti goma. Wannan ɓacin rai duk wanda ya taɓa ƙirƙiro wani abu ya san shi, kuma a nan ne yawancinmu ke tsayawa: mu ɗauki gyaran aiki a matsayin zagin mai aiki. Alhali Bahaushe ya riga ya raba gardama: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ya daure ya yi abin da aka ce. Uwayen yaran suka wanke ƙyallayen da ruwan rijiya da sabulun da suka saba. Shuɗin nan mai duhu ya zuba, ya rina ruwa, ya rina farin da ke kusa da shi. Wata daga cikinsu ta ce masa: «Mushe, turkuɗi ado ne na zama, ba a gudu da shi. Kuma farin nan da ka sa a ƙugu, wa zai ba mu ruwan wanke shi kullum? Ka san tsawon igiyar rijiyarmu kuwa?» Gaskiyarta. Turkuɗin da ake rinawa a Kura, ƙasar Kano, wanda Abzinawa ke naɗawa, darajarsa ma ita ce yana barin shuni a fata. Wannan daraja ce a wurin biki, aibi ce ga mai zufa. Aka shanya ƙyallayen sati guda a rana, ɗaya ya koɗe. Aka ja su cikin ciyawa, yadin roba mai huji-huji irin na rigunan bosho ya kwaso ƙarangiya kamar an shafa masa zuma. Wanda ya tsira shi ne wani yadi mai santsi, haɗin auduga da roba, wanda Mushe da farko ya raina domin ba ya ƙyalli.

Sai gwaji na ƙarshe, wanda yaran da kansu suka kawo. Aka manna zanen a ƙirjin ɗayansu, ya tafi taki 50, da la'asar sakaliya, cikin hazo. Aka tambayi sauran me suke gani. Suka ce baƙin abu da ɗigo a tsakiya. Raƙumi da sa da hatsi da takobi duk sun cakuɗe sun zama tabo ɗaya, sunan gari kuwa ko Mushe bai iya karanta shi ba. Ba banza ba hukumar FIFA, a gasanninta na maza, ta ƙayyade tsawon lambar baya tsakanin santimita 25 da 35: rigar wasa daga nesa ake karanta ta, cikin gudu, da wutsiyar ido.

Waɗanda ba su tambaya ba

Kada a ɗauka wannan kuskure na malamin ƙauye ne kawai. Masu miliyoyi sun yi wanda ya fi shi. Ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Islanders, a jahar Niyok ta Amurka, ta ci babban kofin wasan sau huɗu a jere, daga 1980 zuwa 1983, da tambari mai taswirar tsibirinsu. A 1995 shugabanninta suka ga ya tsufa, suka sa ƙwararru suka zana musu wani tsohon masunci mai gemu riƙe da sandar wasa, suka buga riguna, sannan suka nuna wa jama'a. Magoya baya suka ƙi shi, abokan hamayya suka mai da shi abin tsokana, suna cewa ya yi kama da hoton da ke kan kwalin kifin wani kamfani. A 1997 aka sauke masunci, aka koma tsohon tambari. Shawarar da ba su nema kyauta ba, sun saye ta da tsada.

Kusa da mu, ku tuna Kamaru. A 2002 kamfanin Puma ya yi wa ƴan wasanta na tamaula riga marar hannu, suka ci kofin Afirka da ita a Mali. Da aka zo kofin duniya na wannan shekara a Koriya ta Kudu da Japan, FIFA ta ce ba za a shiga da ita ba, dole aka ɗinka mata baƙaƙen hannuwa. A 2004 a Tunisiya suka fito da riga da wando a haɗe, FIFA ta ci su tara, ta zare musu maki 6 a wasannin neman zuwa kofin duniya na 2006, sai daga baya aka mayar musu da makin bayan roƙo. Zanen ya burge, amma an manta da mai doka.

Me ya sa riga ke ta da hankali haka? Wani marubucin Kebek, Roch Carrier, ya ba da amsa cikin wani gajeren labari da ya fitar a 1979, a kan ƙuruciyarsa cikin sanyin 1946. Duk yaran ƙauyensu, masu jin Faransanci, rigar Canadiens ta Monreyal suke sawa, ja da fari da shuɗi, da lamba 9 ta gwaninsu Maurice Richard. Tasa ta tsufa, uwarsa ta yi odar sabuwa ta gidan waya, sai aka aiko da shuɗiyar rigar Maple Leafs ta Toronto, birnin masu jin Ingilishi. Uwar ta ce riga riga ce, ta tilasta masa sawa. A fili kuwa ya zama bare cikin abokansa. Labarin ya shiga zukatan ƴan Kanada har aka buga wani layi nasa a takardar kuɗinsu ta dala 5 da ta fito a 2002. Riga takan gaya wa mutane ko kai na wa ne tun kafin ka buɗe baki. A Azagor ma abin da ya kusa ɓata aikin ke nan.

Rigimar tambari

Da aka tabbatar cewa abu huɗu ba za su zauna a ƙirji ɗaya ba, sai tambaya ta zama: wanne za a bari? Nan shawara ta yi yawa. Wani ya ce raƙumi, tun da shi ne alamar arewa. Wani ya ce in aka sa raƙumi aka cire sa, to an nuna garin na wasu ne. Ƴaƴan manoma suka ce su kuma fa, da hatsin wa ake dama furar da kowa ke sha? Mai shago ya ce shi dai sunansa ya fito da manyan baƙaƙe. Wani ma'aikaci da ya zo rangadi ya ce a sa taswirar Nijar. Mushe ya yi zane na biyu yana ƙoƙarin gamsar da kowa, ya fito ya fi na farko muni. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Wanda ke zaune a birni zai iya yin dariya, ya ce faɗa a kan hoton dabba. Amma a wannan yanki, wa ya riga wa, ƙasar ta wa ce, ba zancen wasa ba ne. Tun ranar 26 ga Mayu 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, layin kuwa ta ƙasar Dakwaro ya ratsa, kuma fari da yawan jama'a sun daɗe da tura gonaki suka ƙetare shi. Mu da muka taso bayan abin, mun ji daga iyayenmu yadda a watan Oktoba 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin gundumar Gidan Rumji, ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. Dokar karkara ta 1993 da ta kiwo ta 2010 duk domin kashe irin wannan wuta aka yi su. Tambarin ƙasa kansa ya bi hanyar haɗa kowa: rana a tsakiya, mashi da takubba biyu, zangarniya uku, da kan sa. Wannan ya dace da hatimin da ake dubawa a kan tebur. Ƙirjin yaro mai gudu ba shi da wannan fili.

Mushe ya yi tunani ya ce: to a bar dabba da hatsi, a sa abin da ya tara yaran nan, wato wasan kansa. Zane na uku ya fito da sanduna biyu a gicciye da ƙodago a ƙasa, kamar yadda ya gani a tambarin ƙungiyoyin waje. Samari suka yi murna. Kafin a kai wa tela, ya bi da takardar wajen dattawa a bakin rijiya, domin girmamawa kawai, ba ya tsammanin gyara. Wani dattijon Bafulatani ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: «Mushe, a ƙasarku sanda biyu in sun gicciye me ake nufi?» Ya ce: «Wasa, Baffa.» Dattijon ya ce: «A nan, in ka ga sanda ta hau kan sanda, wani zai kwana a likita. Za ku je garin mutane da wannan a ƙirji?» Ya karɓi sanduna biyu daga hannun yara, ya shimfiɗa su a ƙasa, lanƙwasar kowace na fuskantar ƴar uwarta, har suka yi kusan da'ira. Ya ajiye ƙodago a tsakiya. Wata tsohuwa mai tallar nono da ke gefe ta leƙo ta ce: «Ai bakin rijiya ne wannan.» Aka yi shiru, sannan aka yi dariya. Babu wanda ya ƙara ta da zancen raƙumi ko sa.

Saura rubutu. Aka yarda a sa sunan gari da baƙaƙen boko manya, marasa ƙawa, a baya sama da lamba, a ƙarƙashin tambari kuma da tifinar, rubutun Abzinawa. Mushe ya kwafo haruffan daga waya. Da aka nuna wa wata dattijuwa da ta iya rubutun tun tana yarinya, ta ce wasu haruffan ba irin nasu ba ne. Ba ta yi kuskure ba: tifinar da waya ke fitarwa galibi sabon tsari ne da ake koyarwa a Maroko, ya bambanta da wanda Abzinawan Nijar suka gada. Ta rubuta masa da yatsa a rairayi, ya kwafa. Mai shago kuwa aka ba shi gefen hannu, da ƙananan baƙaƙe. Ya yi gunaguni, ya biya.

Yadda ake tankaɗe shawara

Da na je Azagor daga baya, na tambayi Mushe abin da ya koya. Abin da ya gaya mini, na ga ya cancanci in ajiye shi a nan, domin ya fi ƙarfin riga.

Ya ce shawarwarin da ya samu kashi uku ne. Kashi na farko su ne masu nuna aibin da ake iya gwadawa: zai zuba, zai koɗe, ba a gani daga nesa, kuɗi ba za su kai ba. Waɗannan ba a gardama a kansu, gwadawa ake yi, ruwa da rana su yanke hukunci. Kashi na biyu su ne masu nuna ma'anar da baƙo ba ya gani, kamar ta sanduna da ta haruffa. Waɗannan ba su da ma'auni, sai dai ka san wanda ya san wurin, ka je inda yake, domin irinsu ba sa zuwa taro, kuma ba sa magana sai an tambaye su. Kashi na uku su ne na son rai: ni na fi son ja, a ƙara kaza, a sa nawa. Waɗannan a saurara, a yi godiya, a wuce. Ya ce alamar da ya riƙa ganewa da ita ita ce: mai shawarar ƙwarai yakan gaya maka abin da ke ciwo, ya bar maka neman magani, mai ta son rai da maganinsa yake zuwa, ko ba ciwo.

Ya ƙara da abu biyu. Na ɗaya, fensir a hannu ɗaya yake zama. Kowa ya faɗi, amma mutum guda ke zanawa, in ba haka ba a samu zane na biyu. Na biyu, a sa ranar rufe baki. Sun ce daga ranar kasuwa ta kaza ba sauran gyara, domin shawarar da ba ta da iyaka ita ma hanya ce ta hana aiki.

Yanzu ina juyowa gare ku, ƴan kasuwa. Nawa ne daga cikinku suka taɓa yin odar kaya dila-dila daga Sin ko Dubai a kan hoton da suka gani a waya, kaya suka iso, suka kwanta a shago domin launin bai karɓi mutanenmu ba ko yadin bai jure ranarmu ba? Ƙyalle huɗu na telan Dakwaro ba su kai kuɗin shayi ba. Samfuri guda a hannun mai saye na gaskiya, na sati biyu, ya fi rantsuwar dillali goma. Ku dubi rigar da kamfanin Nike ya yi wa Najeriya domin kofin duniya na 2018: ta ɗauko zanen fuka-fukan rigar 1994 da mutane ke ƙauna, aka nuna ta tun watan Fabrairu, ranar 1 ga Yuni da ta shiga kasuwa ta ƙare nan take. Sun san abin da ke zuciyar masu saye kafin su cika shaguna.

Ku kuma ma'aikata, ƴan uwana na biro, ku ne kuka fi ba ni tsoro, domin ku kuɗin da kuke yankawa ba naku ba ne, rigar kuma ba ku za ku sa ba. Sau nawa muka ga an gina rumfunan kasuwa inda ƴan kasuwa ba sa zama, an kafa famfo inda garke ba ya bi, an yi aji mai rufin kwano marar silin da yara ke gudunsa a watan Afrilu? Takardun kowane irin wannan aiki in ka buɗe za ka tarar an rubuta cewa an tuntuɓi jama'a. An tuntuɓe su kamar yadda Mushe ya tuntuɓe ni: an nuna musu hoto mai kyau bayan an gama, suka ce madalla. Tuntuɓa ta gaskiya tana da alama guda: zanen da aka shiga taro da shi ba shi ne ake fita da shi ba. In ka tara mutane sau uku takardarka ba ta canza ko layi ɗaya ba, to sanarwa ka yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su kansu sandunan wasan Azagor haka ake yi musu.

Rigar da ta fito a ƙarshe ruwan goro ce, mai gajeren hannu, da baƙin tambari launi ɗaya a ƙirji, da babbar lamba a baya. Daga zanen farko ba abin da ya rage sai sunan gari. Kuɗi suka isa, har aka samu rarar da aka sayi buta da guga na ƙungiya. Ranar karawa aka ci su biyu da ɗaya, kada wani ya ce riga ke cin wasa. Amma ba wanda ya miƙa wa abokin gaba ƙodago, kuma da aka tashi, samarin ɗayan ƙauyen suka nemi a kai su wajen telan.

Da zan taho, mai tsaron gidansu ya ja ni gefe ya ce: «Yaya, a gaya wa Mushe wuyan ya matse, in an yi zufa da ƙyar take fita.» Na isar da saƙo ina jiran in ga ɓacin rai. Sai ya buɗe littafinsa, ya nuna mini shafin da ya riga ya rubuta wa kai: zane na biyar. Ƙorafin wuya shi ne na uku a jerin.